Azumin da Gero Ya Tsiro a Shaguna

Marka ta sauka a Dutse tun makon jiya. Rana ba ta leƙo ta busar da ko zanin wanki ba, duwatsun bayan gari sun yi baƙi sun jiƙe sharkaf, kwata ta cika tana malala a ƙofar gida. Jiya 'yata Sadiya ta dube ni ta ce, "Umma, ke dai da an shiga marka sai ki yi ta faɗa. Ko cokali ne ya faɗi sai kin yi magana." Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Amma gaskiyarta ce. Tana goye a bayana lokacin da abin ya faru, ba ta san komai ba. Ni kuwa duk shekara in ruwan nan ya kama zuba ba ƙaƙƙautawa, sai zuciyata ta koma wani azumi da muka yi a bariki, kuma har yau ban huce ba.

A lokacin maigidana kofur ne. Muna zaune a wani ƙaramin barikin soja a wajen gari, can inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Ni 'yar Taura ce, aure ya kai ni. A bayan layukan ƙananan sojoji, jikin wayar da ta kewaye barikin, akwai 'yar kasuwarmu da ake kira mami: shagunan langa-langa layi biyu suna kallon juna, da rumfar mai nama, da injin niƙa. Ina da shago a ciki. Gero, dawa, wake, manja, daddawa, kuka, kanwa, tsamiya, gishiri. Da asuba in na idar da salla nake buɗewa, sai na gaji nake rufewa. Ba wanda ya taɓa tambayata.

Shagon da ke jikin nawa na Baba Saje ne, wani dattijo mutumin Garki da ya ajiye kaki tun ina yarinya. Yana ɗingisa ƙafar hagu, bai taɓa gaya mana a ina ya samo raunin ba. Samanjan barikin ma, wanda kowa ke shakka, a hannunsa ya koyi fareti. In yaro ya zo awo Baba sai ya ƙara masa tafi ɗaya ya ce na kajin gidanku ne.

Shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare a rumbuna, sabo bai nuna ba. Kafin a ga wata aka kwashe mazanmu a manyan motoci aka yi gabas da su. Bariki ya zama na mata da yara da 'yan masu gadi. Ba zan ce babu tsoro ba. Akwai. Kullum rediyo na faɗar inda abu ya fashe, mu ma in muka ga baƙuwar fuska sai mu bi ta da kallo. Da a ce an zaunar da mu an ce ga yadda za a yi, wallahi da mun bi.

Ba a zaunar da mu ba. An kawo sabon kwamanda, ana jajibirin azumi sai muka ji usur. Magajiya, wato shugabar matan bariki, wata dattijuwa Kirista da muke kira Maman Bulus, ta tara mu a gindin darbejiyar kasuwa. Samanja ya tsaya ya goya hannu a baya.

"Daga yau ba mai buɗe shago sai an tashi faretin safe, kuma sai ya ji usur. La'asar na yi, kowa ya rufe. Ba ɗan gari da zai shigo da kaya, ko a ka, ko a amalanke, ko a babur. Ba mai fita da buhu daga kasuwa zuwa gida, kwano ɗaya ne iyaka. Wanda ya karya, shagonsa ya tafi."

Na ce, "Yallaɓai, azumi fa za mu shiga. Ai cinikin azumi daga la'asar yake farawa."

"Oda ce daga sama."

Baba Saje ya ce, "Samanja, to itace fa? Da me matan nan za su dafa?"

"Baba, oda ce."

Wannan kalmar, oda, na ji ta a watan nan har na tsane ta. Kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Makon farko usur na tashi bayan fareti. Mako na biyu aka ce Litinin da Alhamis kaɗai. Daga nan sai ya zama in kwamanda ya yi tafiya ba a buɗewa sam, don wai ba mai ikon ba da izini sai shi. Sai ka ga mata sun yi cirko-cirko a bakin kasuwa cikin yayyafi, kowa da kwanonta, mu masu shaguna muna tsaye tare da su da makullanmu a hannu, muna kallon ƙofofinmu. Soja ɗaya da bindiga yana tsakaninmu da abincinmu. Mu tsaya har rana ta take, yara su fara kuka, mu watse.

A ɗaya gefen barikin kuwa akwai kantin hafsoshi, wanda ƙanin matar kwamanda ke riƙe da shi. Wannan ba ya jiran usur. Motarsa na shigowa da rana tsaka, mai gadi ya ɗaga mata ƙarfe har da sara mata, ba mai leƙa abin da ta ɗauko. Ashe abin fashewa a amalanken itace kaɗai yake iya ɓuya. Madarar gwangwani ce a ciki da shinkafar waje da lemon kwalba da biskit. Ba gero, ba kanwa, ba kuka. Ko akwai ma, matar kofur ta taga ake sallamarta, kuma farashin sai mai anini a kafaɗa.

Za a ce me ya hana mu shiga gari? An hana 'yan acaɓa bin hanyar bariki. Fita sai da izinin Samanja. Sannan ruwa ya cinye kwalbatin da ke tsakaninmu da titi. Na taɓa zuwa sau ɗaya, da Sadiya a baya, da azumi a baki. Ruwan ya kawo mini cinya, ja wur, yana ja na. Na dawo da ƙullin gari a ka, a ƙofa aka soka masa ƙarfe ana bincike, rabi ya zube a taɓo. Ban sake ba.

Yanzu in na ji mata a shagona na ƙofar gida suna kukan tsada, nakan taya su, don tsada gaskiya ce. Amma ita tsada kana ganin mai kaya, kana iya roƙonsa. Mu kayanmu ne, da guminmu muka saya, aka ce ba mu isa mu taɓa ba.

Abin da ya riƙe mu shi ne 'yan filayen bayan layi, inda kowace mace ta ɗan yafa masara da rama da kuɓewa. Da gari ya waye, kafin yunwa ta farka, sai mu fita gaba ɗaya mu yi noma, yau filin wannan gobe na waccan. Ƙasa ta yi laushi, ƙafa na nutsewa, sauro na bin ƙwauri. Masarar ba ta ƙosa ba muka fara karya ta, in ka latsa ƙwayar ruwa ne fari yake fita. Yara su bi jikin waya su tsinko tafasa. Da itace ya ƙare muka daina hura wuta gida-gida, kowane layi ya koma tukunya ɗaya. Mun ƙona tsofaffin bencuna, mun ƙona turmin da ya tsage, mun ƙona ɗanyen kara mai hayaƙin da ke sa ido ya yi jawur. Matan da ba sa azumi su suka karɓi aikin gindin murhu, suka ce mu masu ƙishirwa mu koma inuwa. In an kira magariba, ruwa ne, sai dafaffiyar tafasa da ɗan ƙuli in an samu, sai faten masara mai ruwa-ruwa. Sahur kuma abin da ya kwana a ƙasan tukunya. Wajen azahar sai ka ji cikinka ya daina kuka ya koma zafi, in ka miƙe da sauri duniya ta yi duhu.

A tsakiyar azumin nan, Rabi ta haihu. Maƙwabciyata ce, ƙofa da ƙofa, haihuwar fari, mijinta na cikin waɗanda aka kai gabas. Da a daidai ake, gida za ta tafi wanka, amma ba hanya. Mahaifiyarta ta taso tun daga Buji, ta ratsa ruwan kwalbatin nan da ƙullin gero da kanwa a ka. Aka tsayar da ita a ƙofar bariki. Maman Bulus ta je ta roƙa, aka ce ba baƙo, ba kaya. Aka ce to a karɓi geron kawai, aka ce oda ta hana. Tsohuwar nan ta wuni a tsugune a gindin katanga, ruwa na dukanta, tana hango layin da 'yarta take kwance. Da la'asar ta ɗora kayanta a ka ta juya. Ko jikanta ba ta gani ba.

Mai jego ba kunun kanwa, ba ruwan zafi na kirki. Nonon Rabi ya ƙi zuwa. Jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dishe ta koma kamar ta ɗan kyanwa. Ni na ɗauke shi na sa a nono, na haɗa shi da Sadiya, na ajiye azumi na 'yan kwanaki don ba yadda zan yi. Amma ni ma me nake ci? Ga kwamanda ya yi tafiya, kasuwa ta daɗe ba ta ji usur ba.

Wata rana da hantsi na shiga na tarar Rabi ta miƙe za ta kama ruwa ta yanke jiki ta faɗi. Muka kwantar da ita. Na ɗauki kwano da makullina na nufi kasuwa. Sojan da ke gadin kasuwa ya fake a rumfar mai nama saboda yayyafi. A gindin darbejiya na ci karo da Baba Saje, inda yake zama kullum yana kallon shagonsa.

"Maman Sadiya, ina zuwa da kwano?"

"Baba, buɗewa zan yi. Yarinyar nan za ta mutu."

Ya miƙe a hankali ya karɓe kwanon daga hannuna. "Ke mijinki yana cikin kaki, a kansa za su huce. Ni me za su yi mini? Tsaya nan."

Ya ɗingisa ya je ya buɗe shagonsa, da rana tsaka, ba ɓoyo. Ya cika kwanon da gero har ya yi tozo, ya ɗora ɗan dunƙulen kanwa a kai. Yana jawo ƙofa sai ga wani ƙaramin hafsa, laftana, wanda aka bar wa riƙon bariki. Yaro ne, gemu bai gama fito masa ba. Baba ya yi jika da shi. Samanja na biye da shi.

Laftanan ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

"Yallaɓai, mai jego ce ba ta da lafiya. Kwano ɗaya ne, yadda doka ta ce."

"Ka ji usur?"

"Ban ji ba, yallaɓai."

"Kai tsohon soja ne, ko? To ka san abin da ake yi wa wanda ya karya oda." Ya sa sandar hannunsa ya doke kwanon. Gero ya watse a taɓo. Ya juya ya ce, "Samanja, tsallen kwaɗo. Daga nan zuwa bishiyar can."

Kafin nan mata sun fara taruwa. Maman Bulus ta zube gwiwa biyu a cikin ruwa tana cewa, "Oga, ka dubi Allah, uba ne, azumi yake yi." Ni na ce a sa ni, ni na aike shi. Ko kallonmu bai yi ba. Samanja ya daɗe a tsaye. Sannan ya kau da fuska gefe ya ce, can ƙasa, "Baba, yi haƙuri."

Baba Saje bai roƙi kowa ba. Ya tattare rigarsa, ya kama kunnuwansa, ya tsuguna. Ƙafar nan mai rauni ta ƙi lanƙwasuwa, sai da ya sa hannu ya jawo ta. Ya yi tsalle. Ya sake yi. Bai kai rabin hanya ba ya kife da fuska a cikin taɓo, hularsa ta yi gefe, farin gemunsa ya koma ja. Wata yarinya ta ƙwalla ƙara. Laftanan ya ce, "Tunda ba kwa jin magana, a sa sarƙa a duk shagunan. A karɓe makullai." Ya juya ya tafi yana kakkaɓe wandonsa.

Muka ɗaga Baba muka kai shi ɗakinsa. Sannan muka dawo, mu mata, muka tsuguna a taɓon nan muna tsince gero da yatsu, muna korar kaji. Muka wanke shi, muka rege, muka daka. Da shi aka dama wa Rabi kunun farko.

Goman ƙarshe marka ta sauka da gaske. Dare da rana ruwa, ba tsawa ba iska, zuba kawai. Rufin shagunanmu dama tsoho ne, da muna shiga da mun tara kwanuka, mun ja buhuna gefe. Yanzu ba mai shiga. Da farko wari muka fara ji in iska ta kaɗo daga kasuwa, tsami-tsami kamar gasarar da ta kwana biyu. Sai wata safiya yara suka sheƙo da gudu suna cewa, "Ku zo ku ga, shago ya yi ciyawa!" Muka je. Ta ƙarƙashin ƙofofin, ta tsagar langa-langa, gero ne ya tsiro, kore shar, yana leƙowa waje yana neman haske. Shagon Baba, nawa, na Maman Bulus, duk layin. Muka tsaya da bakinmu a bushe muna kallon abincinmu yana girma a bayan sarƙa.

Ranar muka ɗunguma gidan kwamanda, don mun ji ya dawo. Mai gadi ya ce Oga na hutawa. Muka ce za mu jira. Muka jira a cikin ruwa. Can sai aka miƙo mana ledar dabino ta saman ƙofa, wai in ji Madam, a sha ruwa lafiya. Maman Bulus ta karɓa ta ajiye a ƙasa a bakin ƙofar, muka juya.

Ana saura kwanaki kaɗan salla sai ga usur, mai ƙarfi, har sau da yawa. Samanja ya ce matar wani babban janar za ta zo duba iyalan sojoji, za ta zaga kasuwa. A buɗe, a share, a yi fenti. Aka cire sarƙa, aka mayar mana da makullai. Abin da jaririn Rabi bai samu ba, abin da furfurar Baba ba ta samu ba, baƙuwa ta samu tun ba ta iso ba.

Da na tura ƙofata sai da na ja baya na toshe hanci. Buhuna sun kumbura sun fashe, saiwa ta saƙe su da ƙasa kamar tabarma. Wake ya yi baƙi ya yi funfuna. Gishiri ya narke ya bi ƙasa. Aka ce mu kwashe kafin baƙuwa ta gani. Mu da muke kwana da yunwa, mu muka yi ta jidar hatsinmu a kwanduna a ka, muna zubawa a ramin da aka haƙa a ƙarshen waya. Sannan motar kantin hafsoshi ta zo ta sauke katan-katan na madara da taliya da shinkafa, aka jera mana a kantoci. Aro ne, in baƙuwa ta tafi a mayar. Aka ce mu yi anko, mu yi fara'a, kada wadda ta yi magana sai an tambaye ta.

Ranar da ta zo rana ta fito. Mace ce mai sakin fuska, ba zan yi mata ƙarya ba. Masu hoto na gabanta, kwamanda da laftanan na bayanta. Ta tsaya a shagona.

"Sannu, baiwar Allah. Ma sha Allah, kasuwa ta yi kyau. Ya ciniki, ya azumi?"

An tambaye ni ke nan. Na ce, "Ranki ya daɗe, kayan nan ba nawa ba ne. Nawa yana rami a ƙarshen waya, shekaranjiya muka binne shi." Na fito, na jawo ƙofata, na datse makulli a gabanta. "Shagon a rufe yake."

Ta juya ta dubi kwamanda. Ya yi dariya, ya faɗa mata wani abu da Turanci, ita ma ta ɗan yi murmushi, suka wuce shago na gaba. Iyakar abin ke nan. Kafin magariba an kwashe katan-katan, an mayar da sarƙa, an karɓe mini shago har abada. Da maigidana ya dawo daga gabas bayan watanni, ya rame ya yi baƙi, sai da aka kulle shi a gadurum, ɗakin horon sojoji, wai bai iya riƙe matarsa ba. Bai taɓa yi mini faɗa a kai ba. Jaririn Rabi ya rayu. Laftanan kuwa na ji an ce yanzu babba ne.

Baba Saje bai ga zuwan baƙuwar ba. Tun ranar da ya faɗi bai sake fitowa gindin darbejiya ba, ɗansa ya zo aka miƙa masa shi ta ƙofa, ya tafi da shi Garki. Bai kai babbar salla ba.

Da hanya ta bushe muka je gaisuwa, ni da Maman Bulus da Rabi. Gero ya nuna a gonaki, ana ta yanka, ko'ina ƙanshin sabon hatsi. Matarsa, tsohuwa mai sanyin murya, ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

"'Yar nan, ke ce maƙwabciyar shagonsa, yana yawan ambatonki. Tun da ya dawo ko ƙofar gida bai ƙara zama ba, in an zo gaishe shi sai ya juya fuska bango. Mun tambaye shi, ya ce santsi ne ya kwashe shi a kasuwa ya faɗi. Haka ne?"

'Ya'yansa na zaune, jikokinsa sun zuba mini ido. Rabi ta sunkuyar da kai kan ɗanta. Maman Bulus ta ɗan matsa mini ƙafa.

Na ce, "Haka ne, Inna. Santsi ne. Shekarar an yi ruwa."

Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya yi mini albarka. Har muka hau mota haƙorana a cije suke.